Fitilar Inji Mai Kamawa Tana Mutuwa: Bayani Domin Hakimai Da Malamansu

Babbar hanyar da ta fito daga birnin Kano ta yi yamma, ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, ta isa Gwarzo bayan tafiyar wajen kilomita 70, daga nan ta zarce Dayi cikin Jihar Katsina. A kan wannan hanya, da ƙananan hanyoyin da ke shiga garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Gude da Durun, motar hakimi ba ta hutawa. Da ita a ke rangadi, da ita a ke amsa kiran fada, ita ce kuma a kan tasa da tsakar dare in haihuwa ta zo wa wata mace da gardama, a garzaya da ita asibiti. Saboda haka lafiyar wannan mota abu ne da ya shafi talakawa kamar yadda ya shafi mai ita.

Akwai wani abu ƙarami da ke damun direbobi da masu motoci a wannan zamani. Wata 'yar fitila ce mai launin ruwan ɗorawa, da siffar inji a jikinta, tana cikin allon da ke gaban direba. Kanikawa suna ce mata cek. Yau ta kama, gobe ta mutu, a yi mako biyu ba a gan ta ba, sa'an nan ta komo. Direba ya kan ce ai ƙarya ta ke yi, tun da mota tana tafiya lafiya lau. To, ruwa ba ya tsami banza. Kowane kamawa da ta yi yana da dalili, kuma a kan gano dalilin da kuɗi kaɗan, muddin an san lokacin da ta ke kamawa, ba a kuma share shaidar da motar ta ajiye ba.

Yadda Fitilar Ta Samo Asali

Motocin da, irin su Land Rover na zamanin En'e, da Peugeot waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, da kafireto su ke aiki. Fitilun gargaɗinsu ba su da yawa, manyansu biyu ne, ta caji da ta baƙin mai. Sauran ciwon mota kunnen makaniki ne ke gano shi.

Motocin yanzu suna da wani ƙaramin akwati, watau ƙwaƙwalwar mota, wadda ke auna yawan fetur da iskar da za su shiga inji, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. A 1988 Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara tilasta wa masu ƙera motoci su sa wannan ƙwaƙwalwa ta riƙa binciken kanta. Daga 1996 aka sa tsari guda, mai suna OBD-II, a kan dukan ƙananan motocin da a ke sayarwa a Amurka. Ƙasashen Turai suka bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 kuma ga masu shan man dizal. Yawancin motocin da a ke shigowa da su ƙasar nan, waɗanda a ke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, daga waɗannan ƙasashe suka fito, don haka da wannan tsari su ke zuwa.

Yadda Ƙwaƙwalwar Ke Aiki

Duk wanda ya san aikin ofishin hakimi ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. Cikin inji an dasa ƙananan ma'aunai da yawa, kanikawa suna ce musu sensa. Ɗaya yana auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwa, ɗaya juyawar inji, ɗaya kuma hayaƙin da ke fita ta salansa. Su ne kamar masu unguwanni da dagatai, kowa yana aiko da rahoton ɓangarensa. Ƙwaƙwalwa ita ce malamin da ke karɓar rahoto yana shigarwa cikin rajista. Fitila kuwa ɗan aike ce kurum, wanda a ke turawa ya shaida wa mai gida cewa an shigar da ƙara.

Wannan malami yana da ƙa'idodi uku, kuma su ne ke sa fitila ta riƙa kamawa tana mutuwa. Na farko, yawancin laifuffuka ba ya kunna fitila a kansu tun ganin fari. Ya kan rubuta ya ajiye, sai ya sake ganin laifin a tafiya ta biyu a jere kana ya kunna. Na biyu, in aka yi tafiya uku a jere, ya gwada wurin nan bai sami laifi ba, sai ya kashe fitilar da kansa. Na uku, ko da ya kashe fitila, ba ya share rubutun nan da nan. Lambar laifin tana nan cikin rajista har sai inji ya tashi daga sanyi ya ɗauki cikakken zafi sau 40 ba tare da laifin ya komo ba.

Har wa yau, tare da lambar ya kan rubuta halin da mota ke ciki sa'ad da abin ya faru: gudun da a ke yi, da yawan juyawar inji, da zafin ruwa, da nauyin da injin ke ja. Ke nan mutuwar fitila tana nufin laifin ya ɓuya a wannan lokaci, amma shaidarsa tana nan a rubuce. Ana karanta ta da wata na'ura da a ke sokawa cikin wani soket mai baki 16, wanda galibi ya ke ƙarƙashin allon gaba, kusa da sitiyari. Akwai manyan na'urori na gareji, akwai kuma ƙanana masu haɗuwa da wayar hannu.

Bambanta Fitilun Da Abin Da Direba Zai Yi

Wajibi ne direban hakimi ya san fitilun nan ɗaya bayan ɗaya, gama hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

1. Jar fitila mai siffar buta, ta baƙin mai ce. In ta kama inji yana aiki, ko da ƙyaftawa ta yi a kan kwana ko wajen taka birki, a tsaya nan take a kashe inji, a duba mai da sandar awo. Tafiyar 'yan mintoci ba mai tana iya kashe inji ɗungum.

2. In allurar zafi ta hau ja, ko fitilar zafi ta kama, a tsaya a bar inji ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan ya kan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

3. Jar fitila mai siffar batir tana nuna caji ya tsaya. A duba fanbel tukuna, don a motoci da yawa shi ne kuma ke juya famfon ruwa, in ya tsinke zafi na biye.

4. Fitilar inji in tana ƙyaftawa ba tsayawa, inji kuma yana rawa yana ciccijewa, to, wata silinda ce ba ta ƙona manta. Ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, ita kuwa tana da tsada ƙwarai. A sassauta totur, a nemi wurin tsayawa mafi kusa.

5. Fitilar inji in ta kama ta tsaya cak, mota kuma ba ta sake hali ba, ana iya ƙarasa tafiya a hankali. Amma a kai ta a karanta cikin 'yan kwanaki, ko da ta mutu kafin nan.

Lokacin Kamawa Shi Ne Babbar Shaida

Laifi mai zuwa yana tafiya yana da abin da ke tayar da shi. In aka san wannan abu, an yi rabin aiki. Ga waɗanda aka fi gamuwa da su a ƙasa irin ta Gwarzo da Kabo.

In fitila ta kama bayan an sha mai, a fara duba murfin tanki. Motocin da aka ƙera domin Amurka suna gwada ko tanki yana shan iska, murfin da bai ɗauru ba ko wanda robarsa ta tsage ya isa ya kunna fitila. In murfi lafiya ya ke, sai a tuhumi man. Fetur na galan da a ke saye a bakin hanya ya kan zo da ruwa ko ƙasa, ko a gauraya shi da kananzir. Ko na gidan mai ma ba kullum ya ke tsira ba: cikin Fabrairu 2022 hukuma ta tabbatar an shigo da fetur Nijeriya mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci da dama suka lalace kafin a janye shi.

In a kan burji mai gargada ta ke kamawa, ta mutu bayan an komo kan kwalta, to, waya ce ta saki. A duba kan batir ko ya yi sako-sako ko ya yi farin gari, a duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da sokets ɗin ma'aunai. Makaniki ya kan tayar da inji, ya riƙa girgiza wayoyin ɗaya ɗaya da hannu, ya ga wadda za ta sa inji ya sake murya. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko ɗakin hatsi, a duba ta da kyau, domin ɓeraye suna shiga su gaigaye rigar waya, ta riƙa taɓa ƙarfe in an shiga rami.

In da damina ce, tun ba cikin markar watan Agusta ba, ko bayan an ratsa ruwa, ko bayan an wanke inji, to, laima ce ta shiga ramin fulogi ko ta sami kwayil mai tsaga. Da inji ya yi zafi ya busar da ita sai laifin ya ɓace. Saboda haka a hana yara watsa wa inji ruwa a wurin wanki.

In da hunturu ce, sa'ad da ƙura ta yi yawa, a buɗe matatar iska. In ta toshe, ko ta yage ƙura ta wuce ta rufe ma'aunin iska, lissafin ƙwaƙwalwa ya kan rikice. Haka nan in robar da ke kai iska cikin inji ta tsage saboda zafin bazara, iskar da ba a auna ba tana shiga ta tsagar.

In da sanyin safiyar Disamba da Janairu ta ke kamawa, ta ɓace in bazara ta shigo, a tambaya ko an cire tamostat. Wannan wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa, wadda ke tsare ruwan cikin inji har ya ɗauki zafin da ya kamata, wajen digiri 90, kana ta sake shi zuwa lagireto. Kanikawa da yawa suna cire ta, wai ƙasar nan ba ta sanyi ba ce. Injin da aka yi wa haka ba ya ɗaukar zafi da wuri, ƙwaƙwalwa tana ta ƙara masa fetur, mai yana ƙarewa a banza, fulogi suna yin baƙi.

In wajen hawa tudu ne, ko an cika mota da mutane da kaya, ko wajen wuce babbar mota, to, a tuhumi fulogi da suka tsufa, ko kwayil mai rauni, ko famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta toshe. Irin waɗannan suna iya aikin cikin gari, sai an nemi ƙarfi rauninsu ke fitowa.

In kuwa ba ta kamawa sai an yi doguwar tafiya a kan hanyar Kano, dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gwada matatar hayaƙi sai inji ya yi zafi sosai, mota kuma ta daɗe tana gudu ɗaya. Galibi matatar ce ta mutu, ko an fasa an cire ta, ko ma'aunin hayaƙi ya tsufa.

Aikin Malamin Hakimi

Makaniki yana ganin mota sa'a ɗaya ne, ran da aka kai ta, watakila ma ran nan fitilar a mace ta ke. Abin da zai taimake shi shi ne rubutu. Ya kamata hakimi ya umarci malaminsa ya ware littafi guda domin mota, ya kuma umarci direba ya kawo rahoto duk ran da fitila ta kama, ba tare da jin tsoron faɗa ba. Direban da ya san za a zage shi, ɓoyewa zai yi.

Abubuwan da za a rubuta su ne: kwanan wata da sa'a, wurin da ta kama da irin hanyar, ko an yi ruwa, ko ƙura, ko sanyi, inda aka sha mai na ƙarshe, ko inji da sanyinsa ya ke ko ya yi zafi, lambar kilomita da ke allo, abin da direba ya ji ko ya gani, da ranar da fitilar ta mutu. A bar fili a ƙarshen layi domin lambar da na'ura za ta nuna.

Lambar nan harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. Harafin P na inji ne da giya. P0300 tana nufin silinda suna tsallake wuta ba a tantance wacce ba. P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0171 iska ta yi wa fetur yawa. P0128 inji bai ɗauki zafi yadda ya kamata ba. P0420 matatar hayaƙi ba ta aikinta. P0455 tanki yana shan iska da yawa. Amma fa a lura, lamba tana faɗin unguwar da ƙara ta fito ne, ba ta faɗin mai laifi. In ta ambaci wani ma'auni, mai yiwuwa ne ma'aunin lafiyarsa ƙalau, wayarsa ce ta tsinke, ko kuwa gaskiya ya faɗa game da wani ciwo dabam. Alƙali ba ya ɗaure wanda ya kawo ƙara don shi ya fara gani.

A ɗauka misali, littafi ya nuna fitila ta kama sau uku cikin wata guda, duka ukun da safe bayan an kwana ana ruwa, direba kuma ya ce inji ya yi rawa kafin ya daidaita. Na'ura ta nuna P0302. Makaniki mai hankali ba zai ce a sayo kwayil huɗu ba. Zai cire kwayil na silinda ta biyu ya musanya shi da na ta uku, a ci gaba da aiki da mota. In lamba ta koma P0303, laifi ya bi kwayil, sai a sayi ɗaya tak. In ta tsaya a P0302, kwayil ya kuɓuta, sai a koma kan fulogi da nozul na wannan silinda. Da haka kuɗin abu ɗaya ya wadatar, inda da an bi kintace an sayi huɗu, ciwon kuma yana nan.

Abubuwa Uku Da Za A Hana

Na ɗaya, cire kan batir domin a kashe fitila. A motoci da yawa wannan yana share lambar da dukan bayanin da ke tare da ita. Daidai ya ke da a yage shafin rajista don kada a ga ƙara. Haka kuma share lamba da na'ura tun ba a rubuta ta ba. Lalle malami ko direba ya tsaya a kan makaniki, ya kwafe lambar cikin littafi kafin a taɓa kome.

Na biyu, liƙe fitilar da baƙin tef ko cire ƙwanta. Fitila ɗaya ce ke ba da labarin laifuffuka masu ɗimbin yawa. In aka rufe ta saboda ƙaramin laifi, ran da babba ya zo ba mai sani, sai mota ta tsaya a daji.

Na uku, canjin kaya bisa kintace. Kayan gyara suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa cikin Kano, sababbi da na hannu, masu kyau da jabu. Sau da yawa a kan cire na asali mai lafiya a sa jabu, a komo gida da laifi biyu maimakon ɗaya. Duk abin da aka canja, a karɓo tsohon a ajiye, a rubuta sunansa da kuɗinsa da ranar.

Wajen Sayen Mota Da Bayan Gyara

In hakimi zai sayi mota ta hannu, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Dukan fitilun gargaɗi za su kama domin gwaji, in inji ya tashi su mutu. In fitilar inji ba ta fito ba a wannan gwaji, an cire ta ke nan ko ta ƙone, sai a binciki dalili. A kuma sa na'ura, gama in an share lambobi kwanan nan, za ta nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama gwaje-gwajenta ba. In haka ne, a nemi a yi doguwar tafiya da motar, a kwana, a sake wata, kafin a biya kuɗi.

Bayan gyara kuma, kada a ce an warke don fitila ta mutu a bakin gareji. Sai an mai da mota cikin halin da ke tayar da laifin. In gargada ce, a bi gargada. In ruwa ne, a jira ruwa. In doguwar tafiya ce, a je Kano a komo sau biyu ko uku. Sa'an nan malami ya rubuta cewa an kashe maganar.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa direbobinsu wannan bayani, su kuma isar da shi ga dagatai da sauran masu motoci a ƙasarsu, da direbobin haya da ke jigilar jama'a ranar kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da za a nema da tsakar dare domin marar lafiya, da rana tsaka a ke duba ta. Allah ya kiyaye hanya, amin.